Fentin Mota a Tsakar Gida: Tattali Ne ko Ganganci?

Duk wanda ya tsaya a bakin titin Kano zuwa Maiduguri a cikin Azare, ya ƙare wa motocin da ke wucewa kallo, zai ga yadda rana ta ci su. Rufin sama da murfin inji ne suke fara nunawa. Da fari ƙyallin ne yake dushewa, daga nan fatar sama ta soma ɗayewa fari-fari, in aka ƙara damina biyu sai tsatsa ta ɓullo a gefen ƙofa da ƙasan gilashi. Galibin motocin nan 'yan Beljiyam ne, irin su Golf da Sharon da Vectra da 406, waɗanda sun riga sun yi rabin rayuwarsu a Turai kafin su zo su haɗu da zafin bazarar ƙasar Katagum.

A da in mota ta kai wannan hali ba a dogon tunani, wurin mai fenti ake kai ta. Amma tun daga 29 ga Mayu, 2023, da aka cire tallafin man fetur, aka kuma saki naira a watan da ya biyo baya, lissafi ya sauya. Dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin hukuma ta haura 1,500 a shekarar 2024. Fentin mota da sinadaran da ake haɗa shi da su kuwa, ko dai daga waje suke zuwa, ko kuma da kayan waje ake yin su a nan. Kuɗin fenti ya tashi, albashi bai bi shi ba. A daidai wannan lokaci wayar hannu ta cika da hotunan bidiyo a YouTube da TikTok, na mutanen da suke fesa motocinsu da kansu a bayan gida, mota ta fito tana walƙiya cikin minti goma na kallo. Daga nan ne gardama ta shigo majalisu: shin mutum ya sayi kayan aiki ya gwada da hannunsa, ko ya haƙura ya ci gaba da tari har ya iya biyan mai sana'a? Na ji masu hankali a kowane ɓangare, kuma ba wanda yake magana ba hujja.

Abin da masu cewa a yi suke riƙe da shi

Hujjarsu ta farko aljihu ne, amma ba su tsaya a nan ba. Suna cewa in ka duba kuɗin da mai fenti yake yanka maka, kaso mai tsoka na wahala ne: wanki, kankare tsohon fenti, guga da samfefa, cike lotsawa, rufe gilasai da fitilu da jarida da salatif. Feshin kansa aikin wuni guda ne, ko ƙasa da haka. Sauran duk haƙuri ne da ƙarfin damtse, kuma malamin makarantar da yake hutun ƙarshen zango yana da su duka biyun. Don me zai biya kuɗi a kan abin da yake da shi a gida?

Sai su ƙara da cewa mutane sun manta amfanin fenti na asali. Kafin ado, aikinsa shi ne ya raba ƙarfe da ruwa da iska. Motar da take bin hanyoyin Gamawa da Zaki da Itas da damina ba ta rabuwa da taɓo da kududdufi. Mutanen yankin ba su manta da daminar 2024 ba, lokacin da ambaliya ta yanke titin Kano zuwa Maiduguri a ƙasar Katagum, motoci suka koma bin ƙauyuka. Duk inda fenti ya ɗaye, nan ruwa zai zauna, kuma tsatsa ba ta jiran mutum ya gama tara kuɗi. Wanda ya ce sai ya samu na aikin ƙwararru, ya yi shekara biyu yana jira, zai iya tarar da ƙasan ƙofa ya huje, aikin fenti ya koma aikin walda. A ganinsu, fentin da bai yi kyau ba amma ya rufe ƙarfe ya fi babu nesa ba kusa ba.

Akwai kuma ƙorafin da kusan duk mai tsohuwar mota ya taɓa yi ko ya ji an yi. Ka kai mota a ce maka mako guda, ta yi wata tana shan ƙura a gareji. In direban haya ne mai jigila tsakanin Azare da Potiskum ko Misau, kowace rana a cikin watan nan asarar abincin gida ce. Wanda yake zaune a tsohon garin Katagum, hedikwatar ƙaramar hukumar Zaki, ga shi da kuɗin zirga-zirgar zuwa duba aiki. Sannan in an gama, ido ba ya ganin abin da ke ƙarƙashi. Wani ya lafta fila, wato abin cike lotsawa, a kan tsatsa bai kankare ba, wani ya tsinka fentin da tina har ya zama ruwa don gwangwani ɗaya ya yi aikin biyu. Ranar karɓar mota sai murna, bayan wata shida fenti ya fara kumbura yana tsagewa. Masu wannan ra'ayi suna cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In da hannunka ka goge, ka san ba ka rufe ɓarna ba, domin kai za ka zauna da ita.

Amsar masu cewa a bari

Su kuma suna cewa lissafin nan bai cika ba. Mai sana'a ya sayi kwamfuresa da bindigar feshi sau ɗaya, yana aiki da su a kan ɗaruruwan motoci. Kai kuwa saboda mota guda za ka saya ko ka yi haya. Ga janareta da man da zai sha, tunda ba a fara feshi a dogara da wutar da za ta iya ɗaukewa ana tsakiyar ƙofa. Ga samfefa iri-iri, daga mai kaushi lamba 80 ta kankare tsatsa, zuwa 180 da 320 na daidaita fila, zuwa 600 ta kafin launi, har 1500 da 2000 na gugar ƙarshe. Ga fila, ga fentin ƙasa da ake kira firaima, ga launin, ga ruwan ƙyalli na sama, ga tina, ga sinadarin da ke taurara fenti. Sabon shiga kuma ya fi kowa ɓarnar kaya, domin rabin abin da ya fesa a iska yake ƙarewa. In aka tara duka, ratar da ke tsakanin yin aikin a gida da biyan mai fenti ba ta kai yadda ake zato ba.

Inda suka fi ƙarfi shi ne batun hannu. Na taɓa tsayawa ina kallon wani dattijon mai fenti yana fesa ƙofar mota. Bindigar tana nesa da ƙarfen kamar ɗani guda, ba ta matsowa ba ta ja da baya. Ba wuyan hannu yake juyawa ba, jikinsa gaba ɗaya yake tafiya da ita daga wannan gefe zuwa wancan. Yana danna kunamar tun kafin ya kai kan ƙofar, ba ya saki sai ya wuce ta, kuma kowane layi yana hawa rabin na bayansa. Da ya gama shafi ɗaya sai ya ajiye, ya jira kamar minti goma, ya taɓa salatif ɗin da ke gefe da yatsa, ya ji ya yi danƙo amma bai bi hannu ba, sannan ya koma. Yaronsa ya ce, "Oga, a ƙara?" Ya ce, "Bar shi ya sha iska tukuna." Babu agogo a hannunsa, babu ma'auni. Abin da ya sani yana cikin kafaɗarsa ne.

To, wannan shi ne abin da bidiyo ba ya iya miƙa wa mai kallo. In ka matso kusa, ko ka yi jinkiri a wuri ɗaya, fenti ya taru ya zubo hawaye. In ka yi nisa ko ka yi sauri, ya bushe a iska kafin ya sauka, jikin mota ya yi kaushi kamar an barbaɗa mata tsaki. In ruwa ya taru a tankin kwamfuresa ba ka zubar ba, sai ya biyo iska ya yi ƙuraje a cikin fentin. In akwai ɗan maiƙo a jikin ƙarfen, ko na tafin hannunka ne, ko ragowar man goge mota, fenti zai guje wa wurin ya bar ƙananan ramuka. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, maganinsa a jira ya bushe, a goge, a sake. Wanda ya gaji ya kai wa mai fenti kuwa, sai an fara cajinsa kuɗin kankare abin da ya yi kafin a zo maganar sabon aiki. Garin gyaran gira, in ji su, an rasa ido.

Sai maganar sayarwa. A kasuwar motoci ta Najeriya ba abin da ke ɗaga farashi irin a ce mota fas bodi ce, wato fentin kamfani ne a jikinta. Dillali yana shafa ta da tafin hannu, ya ƙwanƙwasa da ɗan yatsa ya ji inda fila take, ya buɗe ƙofa ya duba ko launin ciki ya yi daidai da na waje, ya leƙa robar gilashi ko feshi ya taɓa ta. Ko fentin ƙwararre yana rage mata daraja, balle na koyo. Mai saye in ya ga fenti mai hawaye ba ya cewa mai motar tattali ya yi, zargin farko shi ne an ɓoye haɗari. Ga yawancin iyalai kuwa mota ajiya ce, ita ake sayarwa in rashin lafiya ko kuɗin makaranta ya taso.

Ba wanda aka haifa da iyawa

Masu cewa a gwada ba su yarda wannan ya rufe magana ba. Suna tambaya: shi dattijon nan a wace makaranta ya koya? A gaban wani ya tsaya, ya ɓata, ya gyara, har hannunsa ya faɗa. Da koyo akan iya. Ba wanda ya ce mutum ya fara da rufin motarsa. Ya sayi tsohuwar ƙofa a wurin 'yan gwangwan, ko ya ɗauki tankin babur, ya yi ta gwaji a kai har ya gane nisa da sauri.

Suna kuma kawo tarihi, kuma tarihin yana tare da su fiye da yadda ake tsammani. Motocin farko a duniya da buroshi aka riƙa shafa musu fenti, irin yadda ake yi wa keken doki, shafi bayan shafi, ana ɗaukar makonni kafin a gama mota guda. Kamfanin Ford a Amurka ya yi daga 1914 zuwa 1925 baƙar mota kaɗai yake fitarwa a samfurinsa na Model T. Sai da kamfanin DuPont ya fito da fentin Duco mai saurin bushewa, aka sa shi a motocin Oakland na 1924, sannan feshi ya kori buroshi daga masana'antu. Gwangwanin feshi na hannu kuwa, irin wanda yara suke saya yanzu su yi wa keke, Edward Seymour ne ya fito da shi a 1949. A nan gida ma, manyan motoci masu bodin katako da suka yi zamani suna jigilar gyaɗa da gero da shanu, da hannu ake shafa musu launi, a zana furanni da zaki da dabino, a rubuta addu'a a goshi. Ba wanda ya ce aikin banza ne. Mutanen da suka riƙe Peugeot 504 da akori-kurar 404, waɗanda aka fara haɗawa a Kaduna daga 1975, da manyan motocin Steyr na Bauchi, a gindin bishiya suka raya su shekara da shekaru. Al'adar gyara abinka da hannunka ba baƙuwa ba ce a Arewa.

Daga nan sai su jefo hujjar da ta fi ba ni tunani. Suna cewa ana kwatanta tsakar gida da ɗakin gasa fenti mai tace iska, alhali ba shi ne zaɓin da ke gaban yawancin mutane ba. Mai son irin wannan aiki galibi Kano yake nufa, tafiyar kimanin kilomita 200, ko Bauchi, kuma kuɗinsa ba na mai tsohuwar Golf ba ne. Mai fentin da talaka yake iya biya, a fili yake aiki ko a ƙarƙashin rumfar kwano. Ƙurar da za ta sauka a motarka a gida, ita ce dai za ta sauka a can.

Iska da ƙura, da abin da ya fi su

Masu cewa a bari sun yarda ƙurar ɗaya ce, amma suka ce sanin ta ba ɗaya ba ne. Shekarar Azare ba ta da sauƙi ga ɗanyen fenti. Fentin mota ya fi son yanayi mai matsakaicin ɗumi, wajen digiri 20 zuwa 25, da iska mai tsabta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, ƙura tana rataye a sama ko ba a ganin ta, kuma ƙasar yankin rairayi ce da iska kaɗan ke tayarwa. Maris zuwa Mayu zafi yana haura digiri 40, ƙarfen da ya sha rana ba ya taɓuwa, tina tana tashi tun fenti bai kwanta ba. Damina ta zo da laima, wadda ke sa fenti ya yi hazo-hazo ya rasa ƙyalli, ga hadarin da ke tasowa da guguwa ba sallama, ga ƙwarin da ke bin fitila su faɗa cikin ɗanyen aiki. Mai sana'a ya zauna da duk wannan. Ya san ya yayyafa wa ƙasa ruwa kafin ya fara, ya san ya fesa da sanyin safiya bayan asuba kafin iska ta motsa, ya san ya sauya haɗi in zafi ya yi yawa, ya san kada ya ajiye mota ƙarƙashin dogon yaro. Sabon shiga sai ya ɓata mota guda kafin ya koyi waɗannan, kuma mota guda gare shi.

Duk wannan asarar kuɗi ce da kwalliya, kuma mai mota yana da ikon ya ce ya ji ya gani. Abin da ba shi da iko a kai shi ne iskar gidan.

Fentin mota na zamani mai ƙyalli da ƙarko, wanda ake haɗawa da sinadarin taurarawa, yana ɗauke da wani abu da masana ke kira isosayanet. In aka fesa shi, yana zama hazo mai laushin da ido ba ya gani, ya daɗe yana yawo bayan an ajiye bindiga. Yana cikin manyan abubuwan da ke jawo cutar asma ta wurin aiki a duniya. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Birtaniya ta taɓa ƙiyasta cewa masu fesa wa motoci fenti sun fi sauran ma'aikata haɗarin kamuwa da asma da ninki 80 ko fiye, shi ya sa take cewa a yi aikin a rufaffen ɗaki mai zuƙe iska, da takunkumin da ake turo masa iska mai tsabta ta tiyo. Takunkumin ƙyalle irin na lokacin korona ba ya tare shi. Mafi muni, da zarar jikin mutum ya ƙi sinadarin, ko ɗan kaɗan ya shaƙa daga baya ƙirjinsa zai toshe, kuma sau da yawa abin ba ya barin mutum.

Yanzu a ɗauki wannan hazo a kai shi gidan Bahaushe. Ga yara suna wasa, waɗanda ba abin da zai hana su zuwa kallon Baba yana fenti. Ga tsohuwa a ɗaki mai tari tun da ma. Ga randa, ga rijiya, ga shanyar barkono ko kuɓewa a tabarma, ga kaji da awaki. Ga murhu ko tukunyar gas a madafa, alhali tururin tina ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa, kuma tartsatsi guda daga janareta ko garwashi ya ishe shi kamawa. Katanga kuma ba ta tare iska, maƙwabcin da ba a yi shawara da shi ba zai shaƙa, feshin ya sauka a shanyarsa. Haƙƙin maƙwabtaka ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu.

Gugar ma tana da nata. Tsofaffin fentin motoci, musamman rawaya da ja da ruwan lemo, da yawa an yi su da sinadarin da ke ɗauke da dalma. In aka goge su a bushe, ƙurar tana sauka a ƙasar da yaro mai rarrafe yake dafawa ya kai hannu baki. Arewa ta san dalma. A 2010 aka gano yadda ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, bayan da aka riƙa niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Gugar mota guda ba ta kusanci wannan bala'i ba, kuma ba daidai ba ne a tsorata mutane da cewa ɗaya suke. Amma hanyar da gubar ta bi ita ce dai: an shigo da aikin da ya kamata a yi a waje cikin tsakar gida, yara suka ɗauki nauyinsa.

Wa yake shaƙa a gareji?

A nan masu cewa a yi sukan ja da baya taku ɗaya, su ce to a fita daga gidan. A kai motar gona ko wani fili a bayan gari. A yi guga da ruwa don ƙura ta kwanta. A bar fenti mai sinadarin taurarawa, a nemi fentin mai na ƙarfe, a shafa da buroshi ko abin mirginawa, shafi siriri bayan siriri, ana gogewa a tsakani. Ba zai yi ƙyallin na kamfani ba, zai daɗe bai bushe ba, rana za ta dusar da shi da wuri, amma zai rufe ƙarfe, kuma ba hazon da zai tashi. Ga akori-kurar da ke ɗaukar taki da buhunan gero, wannan ya wadatar.

Sannan su mayar da tambayar da masu cewa a bari ba su cika son ji ba. In ka kai wa mai fenti, gubar ɓacewa take yi? Je ka garejin ka gani. Wanda yake tsugune yana guga tun safe, fuskarsa da gashin idonsa sun yi fari da ƙurar fila, yaro ne ɗan koyo, wani bai kai shekara goma sha biyar ba. In ana feshi, hankici ne ɗaure a hancinsa, ko ba komai. In an tashi a sayo masa madarar gwangwani ya sha, wai tana wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, fenti kuwa huhu ya shiga, ba inda suke haɗuwa. Mai mota yana yin aikin sau ɗaya a shekaru, shi kuwa yaron kullum ne. Wanda ya ce ba zai sa 'ya'yansa a haɗari ba ya yi daidai, amma ya sani ɗan wani ne ya karɓi haɗarin, kuma arahar da ya matsa aka yi masa tana cikin dalilan da suka sa ba a sayi takunkumin kirki ba. Wannan magana tana damuna, domin ba ta bar wa kowane ɓangare wurin fakewa ba.

Akwai batun hukuma, wanda bai da tsawo. Launin mota a rubuce yake a takardunta. Wanda ya mayar da shuɗiya fara a bayan gidansa bai je an gyara takardu ba, zai yi bayani a kowane shinge daga Azare har Wudil, kuma a zamanin satar motoci ba za a ɗauki bayanin da sauƙi ba. Koren soja kuwa doka ta hana farar hula shafa shi. Wanda ya tsaya a kan launinsa na asali ya huta da wannan, kuma lambar launin tana nan a ɗan allon da ke jikin ƙofa ko ƙarƙashin murfin inji, masu haɗa fenti suna aiki da ita.

A kan sikeli

Da na jera hujjojin nan, na ga gardamar ta haɗa abubuwa biyu da ya kamata a raba. Akwai abin da in ya lalace mai mota kaɗai zai ji a jikinsa: kuɗinsa, lokacinsa, kyan motarsa, farashinta. Akwai kuma abin da ke shafar waɗanda ba a tambaye su ba. A na biyun ba na ganin akwai ja-in-ja. Fesa fenti mai sinadarin taurarawa a gidan da iyali ke kwana, ko a lungun da gidaje ke manne da juna, bai kamata ba, ko da hannun mutum ya ƙware, ko da kuwa zai rage rabin kuɗi. Hujjar yaron gareji gaskiya ce, amma abin da take nema shi ne a gyara gareji, ba a kwaso matsalarsa a kawo gida ba.

A na farkon kuwa ra'ayina ya rabu, kuma ina ganin motar ce ke yanke hukunci fiye da mai ita. Wanda motarsa ta tsufa, ba ya shirin sayar da ita, tsatsa ta fara cin ta, yana da fili a bayan gari da haƙurin guga, masu cewa a yi sun fi gaskiya a kansa, musamman in buroshi zai ɗauka ba bindiga ba. Wanda motarsa ke da sauran daraja a kasuwa, ko ita ce abin da iyali za su sayar ranar da ta ɓaci, gwajin farko a jikinta caca ce da dukiyar gida. Tsakanin waɗannan biyun akwai mutane da yawa, irin ma'aikacin da motarsa ba sabuwa ba ce ba kuma gwangwan ba, kuma a kansu hujjojin sun yi kunnen doki. Wani zai fi jin zafin kuɗin da ya fitar, wani zai fi jin zafin kallon hawayen fenti a ƙofarsa kullum safiya, kuma ba mai iya auna wa wani wannan.

Wasu sun fara bin hanya ta uku: su yi wanki da kankara da guga da ruwa da kansu, a waje da gida, sannan su kai wa mai fenti ya yi feshin kawai, su saya kayan da hannunsu don su san abin da aka zuba. Ina ganin hikima a ciki, kuma wanda ya rage kuɗi ta wannan hanya ba zai gagara ƙara takunkumi mai matatar sinadari guda biyu a cikin sayayyarsa ba, ɗaya na mai fentin ɗaya na yaronsa. Bai kai mai tiyon iska ba, amma ya fi hankici nesa. Sai dai ba kowane mai fenti ke karɓar irin wannan ciniki ba, kuma dalilinsu abin saurare ne. Na ji wani yana gaya wa mai mota, "Alhaji, ka yi haƙuri. Fenti ba ya ɓoye guga, tona ta yake yi. In ƙasan bai kwanta ba, gobe duk wanda ya ga motar nan a gari ba zai ce kai ka goge ba, cewa zai yi ni na fesa." Mai motar ya ce to ya duba gugar, inda bai yi ba ya nuna masa ya koma ya gyara. Mai fentin ya shafa murfin injin da bayan hannu, ya nuna wuri uku, ya ce in an gyara su a dawo da ita ranar Asabar da sassafe, amma ba zai ɗauki alkawarin shekarun da fentin zai yi ba.